Ranar da Na Ce Ƙwaƙwalwar Karimatu Ta Kife

Jama'ar wannan zaure, ina yi muku sallama. Na ga abin da kuka rubuta a ƙarƙashin kashin da ya wuce. Wata ta ce ni mugu ne, wani ya ce tsoho ne ya auri yarinya ya zo neman tausayi. Ban nemi tausayin kowa ba. Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Mahamman, direban kamiyon ne ni, wato babbar motar kaya, ina ɗaukar albasa da masara daga nan Garoua zuwa Ngaoundéré da Meiganga. Gidana yana unguwar Poumpoumré. Na girmi matata Karimatu da kusan shekara ashirin, kuma ba wanda ya ɗaura mata ni a wuya. Danginta na garin Banyo Idrisa suka so ta aura, ɗan Baffanta Iliyasu, malamin makaranta mai farar riga da biro a aljihu. Ita ta ce ni take so. Har yau ban san dalili ba, ban kuma tambaye ta ba, kar ta zauna ta yi tunani.

Na tsaya muku a inda ta haihu, namiji, lafiya lau. Uwarta, Inna Rahamatu, ta so tun cikin yana wata bakwai a mai da ta Banyo ta haihu a gida tunda haihuwar fari ce. Na ce a'a. Na san hanyar nan, mota ma kwance mata ƙusoshi take yi, balle mace mai ciki. Sai Inna ta zo da kanta, da buhun kayan yaji da ƙullin kanwa da fushinta. Baffa Iliyasu ya biyo baya don suna, ya sauka wajen ɗansa Idrisa, wanda yake koyarwa a nan garin.

Kullum da safe Inna ta ɗora babbar tukunya a tsakar gida, ta tsoma ganyen darbejiya, ta fyaɗa wa Karima ruwan zafi har ina jin ihunta daga ƙofar gida. Daga nan kunun kanwa, kofi cike, da gasasshen nama da yaji da gishiri. Ga zafin Garoua, wanda ko ƙadangare inuwa yake nema. Ban hana ba. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa uwar kowa.

Ana saura kwana biyu suna ina gareji ana canza mini taya, Karima ta turo mini saƙon murya.

“Shofer, kaina kamar ana buga guduma ta ƙeya. Ina ganin wasu ƙananan taurari suna yawo. In za ka dawo ka taho da maganin ciwon kai.”

Shofer take ce mini, wato direba. Tun da aka ɗaura aurenmu bakinta bai taɓa furta sunana ba, ko muna mu biyu. In ta yi fushi ta ce “mai kamiyon”. Na danna na amsa mata: “Rashin barci ne, yaron nan ba ya barin kowa ya runtsa. Ina zuwa.”

Na iso kafin azahar. Tana zaune a bakin gado cikin sabuwar atamfa shuɗiya mai zanen ganye, an sa mata lalle don suna, ƙafafun sun kumbura har zanen ya baje. Zoben da na sayo mata a Ngaoundéré ya nutse a yatsa. Ƙofa a buɗe, rana har kan tabarma.

“Inna, wa ya saki labule?” in ji Karima.

“Wane labule?” in ji Inna.

“Shofer, kai ne? Na ji ƙamshin man inji. Kunna fitila mana.”

“Karima, rana tsaka ce.”

“To me ya sa ban gan ka ba?”

Idonta a buɗe, garau, yana kallon gefen kunnena. Kafin in ajiye ledar hannuna ta sandare, ta zame ƙasa, jikinta yana fizga, haƙora a datse. Inna ta kurma ihu: “Iska ce! Na faɗa, gidan nan ba a yi masa hayaƙi ba!” Ta ruga neman garwashi. Ni ban jira garwashi ba. Na sungumi Karima, maƙwabcina ya fito da motarsa.

A hanya ta farfaɗo, kanta a cinyata. Ta lalubo hannuna ta damƙe, ta ce, da wata murya ta ƙaramar yarinya, “Yaya Idrisa, riƙe tsanin da kyau, zan faɗo.”

Inna tana gaba da jariri. Ta ji. Ba ta waiwayo ba, amma na ga ƙeyarta ta ji.

Na san gida ɗaya suka tashi ita da Idrisa. Na san mai zafin ciwo yana faɗin abin da ya ga dama. Duk na sani. Amma hannuna ne a hannunta, jama'a, hannuna.

A asibiti suka ɗaura mata abin awo a dantse, ma'aikaciyar ta dubi lambar ta sake aunawa, sai kowa ya fara sauri. Aka sa mata ruwa, aka yi allurai, aka tura ta ɗakin hoton kai. Kafin la'asar Baffa Iliyasu da Idrisa sun iso, Idrisa da allin makaranta a hannun riga. Da aka ce likita yana kiran miji, ya miƙe tare da ni.

“Yaya Mahamman, bari in raka ka. Likitan ɗan kudu ne, Faransanci kawai yake ji.”

“Ni da me nake magana da jandarma a hanya, da hannu?”

“Ba haka nake nufi ba, maganar asibiti daban ce.”

“Matarka ce ko tawa?”

Ya koma ya zauna. Baffa ya kau da kai yana jan carbi.

Likitan, Dokta Hubert, dogo ne mai tabarau. Ya tambaye ni ko ina jin Faransanci, na ce, “Wi, dokta.” Ya ɗaga baƙin hoto a jikin fitila yana nuna wajen ƙeya da biro. Na tsinci abin da na tsinta. Tansiyon, wato hawan jini, na gane. Sarbo, ƙwaƙwalwa, na gane. Gonfile ma na gane, haka muke cewa in an cika wa taya iska. Sai ya ajiye hoton, ya dube ni, ya faɗi wata kalma a hankali har sau biyu.

Ranbarse. Abin da kunnena ya ji ke nan.

Ku da ba direbobi ba, ba ku san nauyin kalmar nan ba. Akwai gangaren dutse kafin a shiga Ngaoundéré. In ka ji jandarma yana cewa a rediyonsa “kamiyon ranbarse”, to mota ta kife, taya suna kallon sama, albasa ta watse har cikin kwazazzabo, an lulluɓe wani da tabarma a gefen titi. Na sha gani. Wanda ya koya mini tuƙi a nan ya ƙare. Motar da ta yi ranbarse a gangaren nan ba a tayar da ita, sai dai a kwance ta a sayar da ƙarfe.

Likitan ya yi ɗan murmushi, ya dafa kafaɗata. Na ce a raina, haka ake dafa mutum ranar gaisuwar mutuwa. Ya tambaya ko na gane. Na ce, “Wi, dokta.”

Na fito na same su a ƙarƙashin darbejiya.

“Me ya ce?” in ji Baffa.

“Ya ce ƙwaƙwalwarta ta kumbura, ta kife.”

Inna ta ɗora hannu a ka. “Ta kife? Kamar ƙwarya?”

“Kamar mota.”

“Yaya Mahamman,” in ji Idrisa, “da wace kalma ya faɗa?”

“Da kalmar da na ji.”

“Idrisa, rufe mana baki,” in ji Baffa. Ya juyo gare ni. “To, Mahamman. An ce ka bar ta ta haihu a gaban iyayenta, ka ƙi. Yanzu masu asibitin da bakinsu sun ce abin ya fi ƙarfinsu. Me za ta zauna yi a nan, su yi ta huda ta? Gobe zan sa a kawo mota. A Banyo muna da malamai, a yi mata addu'a a ɗakin da aka haife ta. In Allah ya mai do mata da hankali, sai mu zauna mu yi magana a kan sauran.”

Na gane abin da “sauran” yake nufi. Raba aurenmu ne. Ni da kaina na kawo musu labarin.

Na shiga na duba ta. Tana kwance, igiyar ruwa a hannu, an ɗaga ƙarfen gefen gado. Na ce, “Karima.” Ta ce, “A gaya wa Inna awaki sun shiga rumbu.” Ba mu da awaki. Ba mu da rumbu.

Wayata ta yi ta ƙara har magariba. Idrisa ne. Ya rubuto: “Don Allah ka tuna kalmar.” Ya sake: “Na nemi likitan, an ce ya shiga tiyata, kuma ba zai yi magana da kowa ba sai miji.” Ya sake: “Ba don ni ba, don ita.” Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni haushi. Na kife wayar.

Washegari da hantsi motar ta zo, tsohuwar Karina fara, an ɗaure katifa a sama. Inna ta riga ta haɗa kaya, har da tukunyar wanka. Ba su gaya wa masu asibiti ba, Baffa ya ce in lokacin ziyara ya yi za su naɗe ta a zane su fito da ita, 'yarsu ce ba ta gwamnati ba. Direban, wani saurayi mai tauna cingam, ya buɗe gaban motar yana ƙara ruwa. Ni kuwa hali ba ya barin mutum, na leƙa ina duba irin motar da za ta ɗauki matata kwana da yini a kan ramuka. Akwatin fizibil, wato fis ɗin wutar mota, a buɗe, murfin ya ɓace, ɗaya an naɗe shi da zaren waya.

“Kai, da wannan fizibil ɗin za ka je Banyo?”

“Baba, da shi na je Maroua na dawo.”

Idrisa yana bayana ban sani ba. Idonsa ja, rigar jiya ce a jikinsa.

“Yaya Mahamman, ka zage ni in ka so. Abu ɗaya zan tambaya. Kalmar da likita ya faɗa, a ina ta ƙare? Ranbarse ya ce ya tsaya, ko tana da wutsiya?”

“Wace irin wutsiya?”

“Irin ta abin da ka faɗa yanzu. Fizibil.”

Na ji bakin Dokta Hubert a kunnena, a hankali, sau biyu. Akwai wutsiya. Wallahi akwai. Na ji ta tun jiya, na ɗauka irin adon da masu boko ke ƙara wa magana ne don ta yi tsawo.

“Ya ce… ranbarsibil. Ko rebarsibil. Duk ba ɗaya ba ne?”

Idrisa ya dafa motar kamar zai faɗi. “Ba ɗaya ba ne. Rebarsibil, abin da ke komawa yadda yake. Abin da ke warwarewa.”

“Kana nufin ba ta kife ba?”

“Ban sani ba, ban shiga ba. Kai ka shiga.”

Kaina ya ɗaure. In yaron nan ya yi gaskiya, ni na haƙa wa matata rami da bakina. In kuma ya yi kuskure, na sake ɗaga wa Inna rai a banza. Kuma me ya sa shi, wanda in aka kai ta Banyo ƙila ta zama tasa, yake neman ta zauna a Garoua? Na rasa ta inda zan kama shi. Na ga Baffa ya nufo mu, Inna a bayansa da zane a kafaɗa. Direban ya juya yana amsa waya. Na sa yatsa biyu na zare fizibil ɗin famfon mai na jefa a aljihu.

“Zo mu je,” na ce wa Idrisa.

“Tare?”

“Kar ka sa in faɗa sau biyu.”

Dokta Hubert yana zagayen marasa lafiya. Da Idrisa ya gaya masa abin da ake shiryawa a waje, ya cire tabarau ya dube ni, irin kallon da nake wa yaron mota in ya zuba ruwa a tankin mai. Bai yarda da mu biyun ba ma, ya kira wani ma'aikaci, Marcel, haifaffen Garoua, ya ce ya faɗa mini da Fulatanci, kalma kalma.

Marcel ya ce: jinin matarka ne ya hau bayan haihuwa, ya hau sosai. Da ya hau sai ruwa ya tsattsafo a bayan ƙwaƙwalwa, daidai wajen da ke kula da gani, wajen ya kumbura. Idonta lafiya lau, can ciki ne abin yake. Shi ya kawo makantar, da fizgar, da surutan. Kamar yadda ƙafarta ta kumbura za ta saɓe, haka wannan ma yakan saɓe, in an riƙe jinin a ƙasa da magani. Yawanci gani yana dawowa, hankali yana dawowa.

“Yawanci?” na ce.

“Yawanci. Likita ba Allah ba ne. Amma in kuka cire ruwan nan kuka ɗora ta a hanyar Banyo, jijiya tana iya fashewa a ka. Wannan kuma ba ya komawa.”

Likitan ya ƙara wata magana. Marcel ya ce, “Yana tambaya me take ci a gida.”

Na faɗa. Da na zo kan kunun kanwa Marcel bai ma jira ya fassara ba. “Kanwa da gishiri, a dakata. Wankan tafasasshen ruwa, a dakata. Ba mu ce su kaɗai suka jawo ba, amma yanzu ƙara wa wuta itace ne.”

Da na fito na tarar da direban ya shige ƙarƙashin mota yana zagin ta. Baffa yana tsaye a rana, babbar riga ta jiƙe da gumi.

“Baffa, Karima ba za ta je ko'ina ba.”

“Me ka ce?”

“Ban ji daidai ba jiya. Ba kifewa ya ce ba. Ya ce kumburi ne, zai saɓe.”

“Jiya ta kife, yau ta tashi. Wane bakin naka za mu kama, na jiya ko na yau?”

“Na yau. Na jiya na jaki ne.”

Inna ta ce, “Ikon Allah. Mutum ya sa na kwana ina kukan 'yata da ranta.”

“Baba, gaskiya ne,” in ji Idrisa, “ina wurin.”

“Kai kuma yaushe ka zama lauyansa?” Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya dubi motar da ta ƙi tashi. Ya daɗe yana duban motar. Shi ma tsohon ɗan kasuwa ne, ya san mota ba ta mutuwa haka kawai a gaban direban kamiyon. “To. Gobe suna. Za a raɗa wa yaro suna ko uwarsa tana ina. Addu'a kuma ba asibitin da zai hana ni, a bakin gadonta zan yi. Amma ka ji ni, Mahamman: in aka watse daga suna 'yar nan ba ta gane kowa ba, zan kawo wata motar. Kuma ba za ka matso kusa da motar ba.”

“Na ji.”

Sai na ga fulas a hannun Inna.

“Inna, mene ne a ciki?”

“Kununta.”

“Likita ya hana kanwa.”

“Likita ya taɓa haihuwa? Mai jego ba kanwa, da me nono zai zo?”

Ban taɓa yi wa surukata musu ido da ido ba. Na miƙa hannu biyu, na karɓi fulas ɗin kamar zan riƙe mata, na buɗe, na kafa kai. Kunu mai zafi, kanwa har tana ɗaci. Na shanye tas, na mai da murfi, na miƙa mata.

“Allah ya saka da alheri, Inna. Ban karya ba dama.”

Ta dube ni baki buɗe. Direban, daga ƙarƙashin mota, ya ce, “Baba, Allah ya kawo nono mai albarka.” Idrisa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Bayan la'asar aka bar mu muka shiga. Baffa ya zauna a gefen kai yana tofa addu'a. Inna tana kan tabarma da jariri. Ni da Idrisa muna tsaye a ƙarshen gado, shi a dama ni a hagu, kamar an kawo mu shari'a. Marcel ya zo ya auna, ya ɗaga mini babban yatsa, ya fita.

Karima ta buɗe ido. Ta yi ta ƙifta su, tana yamutsa fuska kamar mai leƙen rijiya. Idon ya bi silin, ya sauko, ya tsaya a tsakaninmu. Ya karkata dama. Na ce a raina, in ta sake kiran sunan Idrisa a gaban ubansa, fita zan yi in shiga kamiyon, ba zan tsaya ba sai Meiganga.

Idon ya dawo hagu.

“Mahamman,” ta ce.

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Baffa ya tsaya da carbi. Sunana, tsirara, a gaban uwarta da baffanta, daga bakin da bai taɓa faɗinsa ba.

“Mahamman, hularka a karkace take. Kuma wa ya ce ka sa ja a kan koriyar riga?”

Na taɓa hular. Ja ce. A karkace take.

Na gyara ta, ta ƙara karkacewa. Idrisa ya ja da baya a hankali ya fita, ban ma ga fitarsa ba sai da ƙofa ta yi ƙara. Inna tana kuka tana dariya, ta miƙe da sauri, ta kwance jaririn daga tawul, ta ɗora mata shi a ƙirji.

“Ga shi, 'yar nan, ga shi, tun jiya madarar gwangwani yake sha, ba ya so.”

Karima ta dubi yaron. Ta daɗe tana dubansa, ta taɓa kunnensa da yatsa mai lalle, ta yi murmushi irin na wadda aka miƙa wa ɗan maƙwabta.

“Kai, kyakkyawa da shi,” ta ce. Ta ɗago ta dube ni. “Na wane ne?”

Baffa ya juyo da kansa gare ni, a hankali. Hannuna yana aljihu, na damƙe fizibil ɗin har ya huda mini tafi. A gida an riga an ɗaure rago, mata suna jiƙa shinkafar masa.

“Namu ne, Karima,” na ce.

“Namu?” Ta sake duban yaron, ta sake dubana. “Yaushe?”